Tuffar da Babu Ita a Lambun Malam Maikano

In ka tsallake gadar Wudil ka saki kwalta ka gangara ta bakin kogi, za ka tarar da wani lambu da aka kewaye da waya, cike da baƙaƙen ledoji a jere, kowace da ɗan tsiro a cikinta. Lambun Malam Maikano ke nan. Sunansa na yanka Abdulbaƙi, amma in ka nemi Abdulbaƙi a garin sai ka wuni ba wanda ya nuna maka shi. Mahaifiyarsa mutuniyar Indabo ce, ta je biki birni da tsohon ciki naƙuda ta kama ta a can, da ta dawo da jariri sai kowa ya ce ga Maikano, sunan ya bi shi har furfura.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin malamin gona. A kan babur ya ƙare ƙuruciyarsa, tsakanin Darki da Achika da Indabo, yana koya wa manoma tazarar shuka da lokacin zuba taki. Mutum ne mai fara'a a da, in ji waɗanda suka san shi tun farko. Abin da ya sauya shi ya faru ne wata shekara da aka ba shi buhunan irin masara ya raba a Achika. A jikin buhun an rubuta cewa iri ne mai saurin nuna. Ya karanta, ya yarda, ya tsaya a gaban mutane ya ce su shuka, shi ya tsaya musu. Ruwa ya ɗauke masarar ko goyo ba ta yi ba. Ba wanda ya zage shi. Sai dai daga ranar, in ya kafe babur ya yi sallama a majalisa, sai hira ta mutu, a amsa masa a daƙile, kowa ya shiga duban ƙasa.

Tun daga nan Malam Maikano ya daina yarda da abin da aka rubuta a jikin kaya. In ya sayi iri sai ya jiƙa tsumma ya zuba ƙwaya goma ya ga nawa za su tsira. In aka miƙo masa takarda ya sa hannu, sai ya karanta sau biyu, ya juya bayanta ya duba. In baƙuwar lamba ta kira shi, zuba wa wayar ido yake yi har ta gaji ta katse. Da ya yi ritaya ya buɗe lambun dashe, ya zama ba wanda ya kai shi iya yi wa mangwaro aure a yankin, wato ya yanko reshen mai daɗi ya haɗa shi da gindin mai ƙarfi ya ɗaure, su kama juna, bishiya ta yi 'ya'ya cikin shekara uku. Yana da goba da lemo da kashu da zogale. Masu sayensa 'yan kasuwar Juma'a ne da matafiyan da suka hango lambun daga kan gada.

Babbar 'yarsa Rahinatu, malamar asibiti ce a nan Wudil, ita ta matsa sai an buɗe wa lambun shafi a intanet. Ta ce masu gina gidaje a Kano da Dutse suna neman itatuwan dasawa, kuma a waya suke nema. Ya yi ta ja da ita wata uku kafin ya amince, da sharaɗin shi zai tsara abin da za a rubuta. Ya zauna ya tsara shi da Hausar rahoton ofis: Cibiyar Renon Ingantattun Tsirrai ta Zamani. Aka sa hotuna, aka sa lambar wayarsa. Wata takwas shafin yana nan, ba wanda ya zo ya ce a can ya gan shi.

"Na gaya miki," in ji shi.

"Baba, ko sun kira ai ba ka ɗauka."

"Ba su kira ba ma."

Gab da faɗuwar damina sai ga ta da wani mutum a bayanta, ɗan kimanin shekara arba'in, siriri, da jakar kwamfuta a kafaɗa. Ta ce sunansa Garzali, yana da shagon buga takardu a kusa da jami'a, kuma ya iya gyara shafi yadda zai riƙa fitowa a sama in an yi bincike. Suka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da zafi. Malam Maikano ya tambaye shi ɗan wane gida ne. Ya ce iyayensa a Garko suke. Malam Maikano ya riƙe wannan a ransa: ba ɗan gari ba ne.

Garzali ya zauna a kan benci a gindin mangwaro ya buɗe kwamfutarsa.

"Baba, in mutum ya shigo nan, me yake cewa?"

"Sallama yake yi."

Garzali ya yi murmushi. "Bayan sallamar. Yana cewa a ba shi ingantaccen tsiro na zamani?"

"Wa zai ce haka? Cewa yake akwai dashen mangwaro mai aure?"

"To ka ga matsalar. Abin da yake faɗa da baki shi yake rubutawa a waya. Shi Gugul ba ya sanin kana da mangwaro sai ya ga kalmar a shafinka. Mutum ya rubuta dashen mangwaro, kai kuma ka rubuta ingantattun tsirrai, ba za a haɗa ku ba."

Ya juyo da kwamfutar. Ya rubuta "dashen mang" kawai, sai ga layuka sun zubo da kansu a ƙasa, an ƙarasa maganar iri-iri. Malam Maikano ya gyara tabarau ya matso.

"Wa ya ƙarasa maka?"

"Abin da mutane suka saba rubutawa ne yake tunawa."

"Wato duk abin da mutum ya rubuta ajiyewa yake yi."

"Haka ne."

Malam Maikano ya dubi 'yarsa, duban da ta san ma'anarsa tun tana ƙarama. Ita kuwa ta kau da kai.

Garzali ya ci gaba da bayani. Ya ce kada su yi kwaɗayin kalma ɗaya tilo kamar mangwaro, don shafukan da ke ɗauke da ita ba su ƙirguwa, kuma yawancin masu rubuta ta mangwaron sha suke nema ko amfaninsa a jiki. Gara magana mai ɗan tsawo, irin "inda ake sayar da dashen mangwaro a Kano". Masu rubuta wannan ba su da yawa, amma duk wanda ya rubuta ta ya riga ya haƙa rami. Ya ce wasu mangoro suke rubutawa, wasu goba, wasu gwaiba, dole a sa duka.

"Ni ba za a rubuta mangoro da sunana ba," in ji Malam Maikano. "Na yi makaranta."

"Sau ɗaya kawai, Baba, can ƙasa."

Daga ƙarshe Garzali ya roƙi abu guda: a bar shi ya zo ranar Juma'a uku a jere, ya zauna a gefe da littafi, ya rubuta irin kalmomin da masu saye suke faɗa da bakinsu. Wannan bai yi wa Malam Maikano daɗi ba. Shekara goma sha biyu yana tara masu sayen nan ɗaya bayan ɗaya. Yanzu baƙo daga Garko zai zauna ya ji me suke so, daga ina suke, me suke nema ba su samu ba, ya rubuce ya sa a jaka ya tafi da shi. Ya so ya ce a'a. Rahinatu ta riga shi cewa to.

Juma'ar farko Garzali ya zo da hantsi. Malam Maikano yana ciniki, amma rabin hankalinsa yana kan biron da ke motsi. Wani ya ce yana son mangwaro binta siga, biro ya motsa. Wata ta ce goba mai jan ciki, biro ya motsa. Wani dattijo daga Sumaila ya tambayi lemon da ba ya tsami, aka rubuta. Da aka tashi tafiya masallaci, Malam Maikano ya ce a ba shi littafin ya gani. Garzali ya miƙa masa ba musu. Kalmomi ne kawai, ba suna, ba lambar waya. Ya juya bayan takardar, babu komai. Wannan bai kwantar masa da hankali ba. Ya ce a ransa mai wayo ba ya rubuta abin da zai iya riƙewa a ka.

Juma'a ta biyu ce ta ɓata al'amarin. Can gaba da lambunsa, kusa da titi, akwai wani ƙaramin lambun dashe na Tasi'u. Tasi'u a hannun Malam Maikano ya koyi sana'ar, shekara shida yana yi masa aiki, sannan ya ware ya buɗe nasa a inda mota ke fara tsayawa kafin ta gangaro. Suna gaisawa, amma gaisuwar ba ta wuce lafiya lau. Da yamma Malam Maikano ya fito rufe ƙofa, sai ya hango babur ɗin Garzali a kafe a bakin lambun Tasi'u, su biyun suna tsaye kai a haɗe, Tasi'u yana nuna wani abu a waya. Sun ɗauki lokaci. Har suka yi musabaha suka rabu yana tsaye da kwaɗo a hannu.

Bai gaya wa kowa ba. Kwana shida yana juya abin yana ban-ruwa, har dabara ta zo masa. Zai ba Garzali kalmar da ba kowa ya taɓa faɗa a lambun ba, kalmar abin da babu shi. In ta ɓulla a wurin Tasi'u, to ya san ta inda ta bi.

Juma'a ta uku, da mutane suka ɗan tsagaita, ya matso kusa da benci ya rage murya.

"Akwai abin da ake yawan tambaya ta a ranakun da ba ka nan. Dashen tuffa."

Garzali ya ɗago. "Tuffa? Tana yi a nan?"

"Akwai irin da yake yi."

"Kana da ita? Ban gan ta a lambun ba."

"Ana kawo mini. Ba na ajiye ta a fili."

Garzali ya duba kwamfutarsa ya ce lallai akwai masu neman ta, ba su da yawa, kuma kusan ba wani shafi na Hausa da ya yi maganarta, don haka za su fito a sama nan da nan. Ya sake tambaya ko tabbas in an zo za a samu. Malam Maikano ya ce tabbas. Ya ce a ransa ai gwaji ne, kamar jiƙa iri a tsumma.

Aka gyara shafin. Aka cire Cibiyar Renon Ingantattun Tsirrai, aka sa Dashen Mangwaro Mai Aure, Goba da Lemo a Wudil. Kowane itace aka ba shi gurbinsa da hotonsa da sunan da mutane suke kiran sa. Tuffa ma ta sami nata gurbin, ba hoto. Sati uku shiru. A na huɗu, bayan ruwan farko, waya ta fara ƙara. Rahinatu ta sa shi ya yi mata alkawarin zai riƙa ɗauka. Ya riƙa ɗauka, amma kafin mutum ya gama sallama sai ya ce, "Wa ya ba ka lambata?" Wani daga Gaya ya aiko mota ta ɗebi binta siga. Wata makaranta a Dutse ta sayi lemo. Mutum biyu suka tambayi tuffa, ya ce musu ta ƙare, ya kashe wayar da sauri.

Sai wata safiya yana wucewa a kan babur ya ga Tasi'u ya kafa sabon allo a bakin titi. An jera mangwaro, goba, kashu, a ƙasa kuma da jan fenti wanda bai gama bushewa ba: TUFFA.

Ya tsaya ya karanta sau biyu. Wani irin daɗi mai ɗaci ya cika masa ƙirji. Ya kira Garzali ya ce ya zo yanzu. Da ya zo bai ba shi wurin zama ba, ya ce ya biyo shi. Suka taka har gaban allon.

"Karanta mini na ƙasa."

"Tuffa."

"Ni da kai kaɗai muka yi maganar nan, a gindin mangwaro, ba na uku. Yaya aka yi ta zo nan?"

Garzali ya dube shi ya dubi allon. Ya ciro waya ya buɗe shafin lambun ya miƙa masa.

"Ga ta nan, Baba. Sati biyar ke nan duk duniya tana gani. Tasi'u yana da waya kuma ya iya karatu. Wannan aikin ba a yin sa a ɓoye. Kalmar da ka ɓoye ba ta kawo maka kowa."

Malam Maikano bai yi tunanin wannan ba. Amma bai ja da baya ba.

"To me kuka tattauna da shi ran Juma'a, kai a haɗe?"

"Tambaya ta ya yi ko zan yi masa irin aikin. Na ce sai na gama da naka."

"Wato ba ka ce masa a'a ba."

"Sana'ata ce, Baba. Kai ma ba mutum ɗaya kake sayar wa dashe ba."

"To ka gama da nawa daga yau."

Garzali ya karɓi wayarsa. Ya yage takarda daga littafinsa ya rubuta kalmar sirrin shiga shafin, ya miƙa masa da hannu biyu, ya ce Allah ya ba da kasuwa, ya hau babur. Malam Maikano ya ninke takardar ya kulle ta a akwatin takardun fanshonsa. Da Rahinatu ta tambaya, ya ce aiki ya ƙare ne kawai. Bai ce mata a cire tuffa ba, don in ya ce, sai ya faɗi dalili.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka, ranar Talata da hantsi, wata a-kori-kura ta gangaro ta tsaya a ƙofar lambun. Wani mutum mai farin gemu ya sauko, rigarsa duk ƙurar hanya, ya yi sallama da fara'a. Ya ce sunansa Ubaidullah, shugaban wata makarantar firamare ne a wani ƙauye gaba da Birnin Kudu. Ya kira jiya har sau uku ba a ɗauka ba, sai ya ce bari ya zo kawai, tunda an rubuta wurin a shafi.

"Tuffa nake so, guda ashirin," in ji shi. "Yaranmu a littafi kawai suke ganin ta. Da na rubuta a waya na ga ashe ana samun dashenta a nan kusa, sai na gaya musu a taron safe. Wallahi Malam, ba ka ga murna ba. Ramuka ashirin suka haƙa da hannunsu, kowane aji da nasa, sun zuba taki. Yanzu haka suna can suna jira."

Malam Maikano ya buɗe baki zai ce ta ƙare. Sai ya fasa. Ya dubi motar da aka yi haya, ya dubi direban da ke shan ruwa a randa. Ya ce wa baƙon ya zauna.

"Malam Ubaidullah, babu tuffa a nan. Ba a taɓa yin ta ba. Kuma ko ka samo ta daga wani wuri, ban ga za ta jure zafin ƙasarmu ba."

"Amma an rubuta."

"Ni na sa aka rubuta."

"Don me?"

Malam Maikano ya gyara tabarau. Ya ce wani yake gwadawa. Da ya ji maganar a kunnensa sai ya ji ba ta da kan gado.

Fara'ar baƙon ta ɗauke. Ya miƙe yana kakkaɓe riga. Malam Maikano ya ce ya tsaya ya ɗauki mangwaro mai aure ashirin, kyauta, zai yi 'ya'ya kafin 'yan aji uku su fita.

"Ta yaya zan san mai aure ne?" in ji Malam Ubaidullah. "Shi ma rubutawa aka yi?"

Ya shiga mota suka juya. Malam Maikano yana tsaye ya ga motar ta hau gangaren, ta rage gudu, ta tsaya daidai allon Tasi'u. Bai san lokacin da ya bar takalmi ɗaya a cikin taɓo ba. Ya isa yana haki, ya tarar Tasi'u yana ce wa baƙon ya dawo bayan sati biyu, za a kawo.

"Daga ina za a kawo?" in ji Malam Maikano.

Tasi'u ya yi tsuru-tsuru. Ya sosa ƙeya.

"Wallahi Malam, a shafinka na gani. Na ce tunda kai ka sa, to tana yi, kuma akwai masu nema. Niyyata in an tambaya in zo wurinka in sara."

Malam Maikano ya tsaya da ƙafa ɗaya ba takalmi. Malam Ubaidullah ya dubi wannan ya dubi wancan, ya girgiza kai, har ya ɗan yi dariya ba don daɗi ba.

Da ƙyar aka shawo kansa ya koma lambun. Malam Maikano ya ɗauko dashe ɗaya ya kwance ledar ɗaurin, ya nuna masa tabon da reshe ya kama gindi, ya sa shi ya taɓa da yatsa. Haka ya yi wa duka ashirin ɗin, ɗaya bayan ɗaya, baƙon yana dubawa. Sannan ya wanke ƙafa ya sa hula ya ce zai bi su. Ya zauna a bayan mota tare da dashen har ƙauyen. Shi ya tsaya a gaban yaran ya ce musu babu tuffa, kuma laifinsa ne, ba na shugabansu ba. Wata yarinya ta fashe da kuka. Ya durƙusa ya dasa ashirin ɗin da hannunsa, ya nuna wa kowane aji yadda za su yi ban-ruwa, ya dawo gida a motar haya bayan la'asar sakaliya.

Washegari ya buɗe akwati ya ɗauko takardar, ya tafi shagon Garzali. Ya tarar da ɗalibai cike ana buga musu takardu, ya jira a tsaye har suka ragu. Suka gaisa kamar ba abin da ya faru.

"Tuffar nan za a cire," in ji shi. "Babu ita. Ban taɓa samun ta ba."

Garzali ya ɗago daga kan kwamfuta.

"Gwada ni ka yi ke nan."

"Gwada ka na yi."

"To me ka gano?"

"Na gano Tasi'u ya iya karatu."

Garzali ya yi dariya har ya dafe tebur, amma idonsa bai yi dariyar ba. Ya karɓi takardar ya shiga shafin ya goge gurbin tuffa. Ya ce irin wannan kalma ba baƙo kawai take wahalarwa ba, shafin ma tana ja masa baya, don in mutane suna shigowa suna fita ba su sami abin da suka zo nema ba, a hankali sai a daina nuna shi a sama. Sannan ya buɗe wani wuri ya nuna masa jerin kalmomin da suka kawo mutane cikin watan. Ta farko ita ce "dashen mangoro mai aure". Malam Maikano ya gyara tabarau ya sake dubawa. Mangoro ɗin da ya ƙi ne. Ya yi ƙwafa.

Rahinatu ta ji labarin a bakin direban a-kori-kurar, wanda ashe a nan Wudil yake zaune, ranar da ya kai matarsa awo asibiti. Kwana uku tana zuwa gaishe shi ba ta zama.

Damina biyu ke nan da yin wannan. Tasi'u ya shafe jan fentin da fari, kuma daga baya Garzali ya yi masa nasa shafin. Wannan har yau yana cin Malam Maikano. Duk ƙarshen wata sai ya sa Rahinatu ta rubuta kalmomin ɗaya bayan ɗaya a wayarta, su ga wa ke sama. A mangwaro shi ne a gaba. A goba mai jan ciki Tasi'u ya wuce shi, kuma ba wanda ya isa ya raba shi da zargin cewa akwai wani abu da Garzali ya yi wa wancan shafin bai yi wa nasa ba. Ya taɓa tambayar sa kai tsaye. Garzali ya ce hotunan gobar Tasi'u sun fi kyau, kuma ya rubuta bayanin yadda ake dasa ta. Malam Maikano ya ce to, irin to ɗin da ba yarda a cikinsa, amma a satin ya zauna ya rubuta nasa bayanin, shafi biyu.

Yanzu shi yake zaɓen kalmominsa. Ya rataye littafi a ƙusa a jikin rumfa, in mai saye ya faɗi wata magana da bai saba ji ba sai ya goge hannu ya rubuta. A bana wata mata daga Gaya ta shigo ta ce tana son itacen inuwa mai saurin girma, ba ta damu da sunansa ba. Bayan kwana biyu wani ya kira ya faɗi kusan haka. Malam Maikano ya rubuta, ya ja layi a ƙasa, bai gaya wa kowa ba. Ya shuka darbejiya leda ɗari biyu, ya jira har ta kai tsawon kamu ɗaya, ya bi layin yana taɓa kowace. Sannan ya hau babur ya tafi shagon Garzali da littafin a aljihu, don a sa maganar a shafin. Garzali ya jawo masa kujera, Malam Maikano ya ce a'a. Ya tsaya a bayansa yana kallon allon kwamfutar har aka rubuta harafin ƙarshe.